Wata takwas da sabon injin fatsa: nisan da ya ƙara mini a jifan lilo

Ni mutumin Yauri ne, kuma wanda ya tashi a bakin Kwara yana kallon Sarkawa suna sauke giwan ruwa daga kwale-kwale ba ya tsammanin wani zai koya masa fatsa a duniya. Da wannan girman kan na zo Houston a jihar Texas ta Amurka, da shi kuma na je tafkin Conroe karo na farko, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa arewa. Ranar na ɗinga wurga koto tsakiyar ruwa da iya ƙarfina tun hantsi har azahar, ban samu ko ciza ba. Can gefe wani dattijo Ba'amurke na tsaye a ƙaramin jirginsa yana bin 'yan gadojin katakon da masu gidajen bakin tafki ke kafawa don ɗaure jiragensu. Ban ga ya ɗaga hannu sama ko sau ɗaya ba. Sai dai ya riƙe koton a hannun hagu, ya sunkuyar da bakin sanda, ya ɗan ɗaga ta, koton ya tafi ƙasa-ƙasa kamar tsattsewa na shan ruwa, ya shige ƙarƙashin gada ba tare da ko tsulum ba. A gabana ya ciro kifi uku.

Wannan jifan shi Amurkawa ke kira fichin. Ni dai jifan lilo nake ce masa, domin lilo ne zalla: koto na reto a ƙarshen zare, ka sake shi daidai lokacin da ya yi gaba. Yana da ɗan'uwa da ake kira filifin, wanda Dee Thomas ya yi suna da shi a California a shekarun 1970, har ya ci gasar kamun kifi ta Bassmaster da shi a tafkin Bull Shoals a 1975. A filifin zare ba ya warwarewa daga inji, tsawon da ka ja da hannu shi ke nan, saboda haka ba ya wuce mita huɗu ko biyar. A jifan lilo kuwa kwarkwaron injin yana juyawa yana sakin zare, don haka ana kai wa wurin da ke da ɗan tazara. Dalilin duka biyun ɗaya ne. Kifin bas mai faɗin baki maharbi ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a inuwar gada, cikin rassan bishiyar da ta faɗa ruwa, ko gindin ciyawa. In ka jefa masa koto daga sama ya faɗo funjum, ka sanar da shi zuwanka. In koton ya zame cikin ruwa shiru a gaban hancinsa, sau da yawa kafin ya kai ƙasa ya cafke.

Sharhin nan a kan injin naɗe zare ne irin wanda ake ɗorawa a saman sanda, mai kwarkwaro a kwance, wanda suke kira betkasta. Ba talla nake ba, kuma kamfanoni da yawa na yin irinsa, don haka siffarsa zan faɗa. Kwarkwaronsa na alminiyom ne, mara zurfi, mara nauyi. Yana da birkin maganaɗisu da ake murɗawa daga waje, da wani ɗan maɓallin matse kwarkwaro a gefen mariƙi. Juyi ɗaya na mariƙi yana juya kwarkwaro sau takwas da ɗoriya, wato yana naɗo zare sama da santimita 80. Na biya kusan dala 200, kuma sai da na yi sati biyu ina kai-komo kafin na iya ciro kuɗin.

Kafin shi ina da wani na araha da na saya haɗe da sandarsa a babban kanti. Araha ba ta ado, gaskiyar masu magana. Wajen jifan nesa da koto mai nauyi ba laifi, yana yi. Amma a jifan lilo ya sa na tsani kaina. In na matse kwarkwaron, koto ya tafi mita biyar ya tsaya cak kamar an ja akuya da igiya, ya faɗo da ƙara. In na sassauta, kwarkwaron ya ci gaba da gudu bayan koto ya sauka, zare ya cukurkuɗe ya zama abin da Amurkawa ke kira sheƙar tsuntsu. Na taɓa zama a bakin ruwa minti arba'in ina tsifar zare da tsinken sakace, ƙarshe na sa almakashi. Na ɗauka hannuna ne ba ya ji. Rabin laifin nawa ne, ba musu, amma sauran rabin na kwarkwaro ne, kuma sai da na riƙe sabon na gane dalili.

Jifan lilo ba shi da ƙarfi. Abin da ke jan zare shi ne nauyin koto da ɗan reton da ka ba shi, shi ke nan. Kwarkwaro mai nauyi yana da wuyar tayarwa daga tsaye, sai ya cinye rabin ƙarfin koton kafin ya fara juyawa, in kuma ya fara, yana da wuyar tsayarwa. Mara nauyi yana tashi nan take, yana tsayawa da ɗan taɓawa. Duk bambancin kuɗin da na biya a nan yake, ba a fenti ko yawan ƙwallayen ƙarfen da ake rubutawa a jikin kwali ba.

Ranar da ya iso ban je ruwa ba. Na fita bayan gida da bokitin fenti da tef ɗin awo, na hau kan akwatin sanyaya ruwa don in yi kamar ina tsaye a jirgi. Sandata ƙafa bakwai da inci uku ce, wajen mita 2.2, mai ƙarfin baya da ɗan laushi a baki. Zaren fulorokabon ne, wani irin zaren roba garau, mai ɗaukar laba 17. Na ɗaura nauyin rabin oza, wato giram 14, da koton roba mai kama da ƙaguwa, na lanƙwashe bakin ƙugiya don kada in kama yaro ko kyanwar maƙwabta. Jifa na farko, da saitin da ya zo da shi daga kwali, ya faɗi a mita shida. Zuciyata ta yi sanyi, na ce wato dala 200 ta saya mini mita ɗaya.

Ashe saitin ne. An saba gaya wa sabon shiga ya matse maɓallin gefe har sai koto ya riƙa sauka a hankali in an danna sakin zare. Wannan shawara ce mai kyau ga jifan sama, amma ita ke kashe jifan lilo. Maɓallin yana danne sandar kwarkwaro ne kai tsaye, ko yana gudu ko yana tafiyar hawainiya matsin ɗaya ne, don haka a jifa mara ƙarfi shi ke shan duk ƙarfin. Birkin maganaɗisu kuwa ba ya taɓa kwarkwaro ko kaɗan, kuma riƙonsa yana ƙaruwa ne gwargwadon gudun juyi, a jifan lilo kusan barci yake. Da na sassauta maɓallin har kwarkwaro ya kusa fara ɗan motsi gefe da gefe, na bar birkin a ƙasa da rabi, sai koto ya wuce bokitin da ke mita takwas ya bugi katanga. Daga nan aikin ya koma kan babban yatsa.

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya sayi injin bai gyara hannunsa ba asarar kuɗi ya yi. Ina sakin zare har koto ya sauko daidai inda injin yake, in riƙe shi a tafin hagu sako-sako, a bayan ƙugiya ba a gabanta ba. Wannan darasin da jini na koye shi. Gwiwar hannun dama na manne da haƙarƙari, bakin sanda na kallon ruwa, injin a ɗan kwance, domin a haka wuyan hannu ya fi sakewa. Sai in ɗaga bakin sanda da wuyan hannu kawai, in buɗe tafin hagu. Ba jefa koton ake yi da hagu ba, buɗe hannu kawai ake yi. Haka kuma ba a jan koton baya har sanda ta lanƙwashe kamar baka. Na yi wata guda ina wannan kuskuren ina neman nisa, abin da yake jawowa shi ne koto ya fizge da sauri, kwarkwaro ya firgita, zare ya tashi.

Lokacin ɗaga yatsa daga kwarkwaro shi ne komai. In ka ɗaga da wuri, koto ya daki ruwa a gaban ƙafarka, kuma sheƙar tsuntsu ta tabbata. In ka makara, ya tashi sama ya yi baka ya faɗo kamar dutse. Daidai shi ne lokacin da koto ya wuce ƙasan retonsa ya fara miƙewa gaba. Daga nan bakin sanda ya ci gaba da tashi a hankali yana bin koton, wannan tashin ne ke riƙe shi taki ɗaya ko biyu a saman ruwa. Yatsa ba ya barin zare gaba ɗaya, yana shafarsa kamar mai lallashin jariri. Dab da wurin da ake nufi sai a ƙara matsi, a ɗan ɗaga sanda, koto ya tsaya a iska na ƙiftawar ido ya zauna a kan ruwa. Ranar da na fara jin wannan a hannuna, na yi ta maimaitawa har aka kira magariba a wayata ban sani ba. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, kifin cikin bokitin bai ƙoshi ba har yanzu?"

Bayan sati uku na rabin awa kullum, ga abin da tef ya nuna a bayan gidana. Da rabin oza ina saka koto a bokiti a mita takwas fiye da rabin lokaci, a mita goma kuwa wajen sau uku cikin goma, sauran suna faɗuwa kusa. Iyakar inda na taɓa kai shi yana tafe ƙasa-ƙasa mita goma sha uku ne. Da tsohon injin, bayan na koyi saiti na koma na gwada shi don adalci, ina kai mita takwas zuwa tara, amma yatsana ba ya hutawa, kuma kuskure kaɗan ya isa. Saboda haka in an tambaye ni nisan da sabon ya ƙara, amsar mita huɗu ce zuwa biyar. Ba girin-girin ba, ta yi mai, kuma ta yi.

Sai dai ruwa ya nuna mini cewa ba mita goma sha ukun ne ke kawo kifi ba. Duk lokacin da na nemi wuce mita goma, dole in ƙara ƙarfi, kafaɗa ta shigo cikin aikin, koto ya ɗan tashi sama, shigarsa ruwa ta yi ƙara. Wato na bar abin da ya sa ake jifan lilo tun farko. Ga kuma matsalar soke ƙugiya: fulorokabon yana ɗan miƙewa, kuma kifin da ya ciza a nesa cikin rassa yana da lokacin naɗe zare a reshe kafin ka juyo da kansa. Kusan duk kifin da na ciro a watannin nan tsakanin mita biyar da tara na same su. Amfanin ƙarin nisan a wajena shi ne mita takwas ta zama wurin hutu, ba iyakar ƙarfina ba. In ruwa ya yi garau ina iya ja da baya in tsaya inda kifi ba ya ganin inuwata, jifan kuma bai lalace ba. In ruwan ya yi jawur bayan ruwan sama, matsawa nake yi kusa, nisa ba ya da wani amfani a ranar.

Akwai abin da dattijon nan ya nuna mini da muka sake haɗuwa a wurin sauke jirage, wanda ba ya cikin kowace takardar da ta zo da injin. Ya ce da zarar koto ya taɓa ruwa kada in yi saurin murɗa mariƙi, in ja zare da hannu taki biyu ko uku in ba shi. In zare ya ɗaure tun koto na sama, to ba zai nutse a miƙe ba, zai reto ya dawo wajenka ya bar gindin turken da ka sha wahalar kai shi. Tun daga ranar nake kallon zare maimakon bakin sanda. Wani lokaci ba ka jin komai a hannu, sai dai ka ga zaren ya yi ɗan tsalle, ko ya tsaya alhali ruwan wurin ya fi haka zurfi, ko ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Kwarkwaron sabon injin yana sakin zare da sauƙi har sau da yawa nauyin koton kaɗai ya isa ya ja abin da yake bukata, yatsana na tsaro.

Na sayi mai mariƙi a hagu, kuma wannan ya ba ni dariya da kaina. Mu da aka tashe mu ana buge mana hannu in mun miƙa abu da hagu, ga ni da furfura ina koya wa hagu aiki. Amma dalilin a fili yake. In kana jifa da dama kuma mariƙi na dama, dole ka sauya sanda zuwa hagu bayan kowane jifa, kuma a daidai wannan sauyin ne bas ke yawan cafka. Sati biyu hannun ya yi yana gardama, yanzu ko tunaninsa ba na yi. Saurin naɗin ma ya yi mini rana. A yini ɗaya mutum na iya yin jifa ɗaruruwa, kowanne daƙiƙa goma ko sha biyar ne a ruwa, in ba a ciza ba a naɗe a nufi turke na gaba.

Yanzu ga inda bai gamsar da ni ba. Kwarkwaro mara zurfi ba ya ɗaukar zare da yawa, in ka sa mai kauri sai ka ga ya cika tun ba a je ko'ina ba. Ga jifan lilo wannan ba komai ba ne, amma in ka yanke sheƙa biyu a rana zaren ya ragu, kuma da zarar ya yi ƙasa da bakin kwarkwaro sosai nisa na raguwa, domin kowane juyi ɗan zare kaɗan yake saki. Na koyi dabarar jan zare kamar mita ashirin da biyar in manna ɗan tef a kan sauran sannan in naɗe, ta yadda cukurkuɗewa ba za ta yi zurfi ba. Na biyu, an yi ta yabonsa cewa yana jifan koto mara nauyi. Da kwatan oza, giram bakwai, a kan sandata mai tauri, da ƙyar nake kai mita bakwai, in kuma iska na busowa daga gaba gara in haƙura. Wataƙila da sanda mai laushi zai fi haka, amma sanda mai laushi ba ta fizgo kifi daga cikin rassa. Na uku, lambobin birkin ƙanana ne ƙwarai, kuma da jiƙaƙƙen hannu abin murɗawar santsi yake yi. Sannan bayan wata biyar ya fara ɗan kuka, sai da na buɗe gefen na ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowane ɓangare. Ɗigo ɗaya nake nufi. Karon farko na zuba da yawa irin yadda muke yi wa keken ɗinki, kwarkwaron ya yi nauyi, nisa ya ragu da kusan mita biyu har sai da na wanke.

Wani abin da ya ƙara mini nisa ba tare da ya shafi injin ba shi ne sauya nauyin dalma da nake ɗaurawa da na wani ƙarfe da ake kira tangistan. Tangistan ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, don haka rabin oza nasa ƙarami ne, yana ratsa ciyawa, yana shiga ruwa da ƙarancin ƙara. Yana da tsada, duk wanda ya maƙale a reshe sai na ji shi a aljihu. Ina kuma tokare shi da ɗan robar tsayarwa don kada ya rabu da koto a iska, domin in suka rabu sai su riƙa juyi kamar majajjawa, jifan ya karkace. A ciyawa mai kauri ina komawa zare mai kitso na laba 50, shi ma injin ya karɓe shi lafiya, sai dai bayan an ja kifi da ƙarfi zaren kan nutse cikin na ƙasansa, jifa na gaba ya tsaya a rabin hanya in ba ka warware shi da hannu ba.

Mafi girman da na kama da shi a watan Maris ne, lokacin da bas ke matsowa ruwa mara zurfi don yin ƙwai. Ƙarƙashin wata tsohuwar gada ne, tazarar kamar mita bakwai, tsakanin katako da ruwa bai fi taki biyu ba. Koto ya shige, zare ya yi gefe, na soke. Laba biyar da 'yan kai a ma'aunina, wajen kilo biyu da rabi. A Yauri wannan ba kifin da za a tara mutane a kansa ba ne. Ko a nan ma ba wani abin labari ba ne, tunda wanda ya fi kowanne a tarihin Texas, wanda Barry St. Clair ya kama a tafkin Fork a 1992, ya haura laba 18, na duniya kuma laba 22 da oza huɗu ne, na George Perry a Georgia tun 1932, wanda Manabu Kurita ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan a 2009. Amma hannuna rawa yake yi da na riƙe leɓensa.

Na ɗauki hoto na mayar da shi ruwa, kamar yadda akasarin masu kamun bas ke yi a nan, duk da cewa dokar jihar ta yarda mutum ya tafi da guda biyar a rana in sun kai tsawon da aka ƙayyade, inci 14 a yawancin ruwaye, wasu tafkunan kuma da nasu ƙa'idar. Da na tura hoton gida, yayana ya kira ni a waya. Ya ce, "Kai yanzu dala ɗari biyu ka sayi abin kama kifi, ka kama, ka sake shi?" Na ce haka ake yi, Yaya. Ya yi shiru, sannan ya ce in na tashi zuwa da sallah in taho da injin, akwai wasu kututture a ƙasan gari inda yake zargin giwan ruwa na kwana, amma in sani tun yanzu duk abin da ya hau ƙugiya tukunya za shi. Na riga na sayi zare mai kitso na laba 65 saboda tafiyar.